Kwana shida a hanya da yara uku, har da kwanan tanti: ku ba ni shawara

Maman Auta:

Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Shawara nake nema tun kafin mu kama hanya. Hutu ya matso, maigida ya ce bana mota za mu ɗauka mu fita yawon buɗe ido da yara, kwana shida. Ya zauna ya zana hanya tsaf, wuri biyar zai kai mu: wani dutse, wani tafki, gandun namun daji, wani tsohon gari, sai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse. Zuwa da dawowa kusan kilomita 1,600. Dare biyu a masauki, dare uku a tanti. Tantin ma ya sayo, yana nan cikin jakarsa, ko buɗe shi ba a yi ba.

Babban yaron shekararsa 6, mai bi masa 3, auta kuma watanta 10, tana kan nono. Mai shekara ukun ba ta minti arba'in a mota ba ta yi amai ba. Shi maigida dabararsa ita ce mu riƙa tafiyar dare don yara su yi barci, kuma a bar kujerar jaririya a gida tunda tana cin wuri, in rungume ta a cinya. Ni fa ina son tafiyar, na gaji da zaman gida. Amma gabana yana faɗuwa. Waɗanda suka taɓa yi, me za ku ce?

Tsohon Direba:

Wa'alaikumus salam 'yata. Na yi shekaru a kan sitiyari, bari in yi miki lissafi irin namu. In akwai yara a mota, kar ki ƙirga gudun da allura take nunawa. Ki haɗa da tsayawar fitsari, shayarwa, canjin famfas, wanke amai, za ki ga da ƙyar kuke cin kilomita 60 a awa. Raba 1,600 da 60, kusan awa 27 ke nan a cikin mota, wato sama da awa huɗu kullum har kwana shida, ba ranar hutu. Ga kafa tanti da yamma, ga kwance shi da safe. To yaushe za a ga dutsen? Ta gilashi?

Maganar tafiyar dare kuwa, ki ce masa wani tsoho ya ce a'a. Tsakanin ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba barci ya fi kama direba, sai kuma bayan azahar. An auna an gano wanda ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa a tuƙi kusan ɗaya ne da na wanda ya ɗan sha giya. Kuma barcin sitiyari ba ya sallama, ƙiftawa ɗaya ce. Sannan ko kun isa lafiya, yara sun tashi garau da safe suna tsalle, ku iyayen kun zama gawa. Wa zai bi su? Ku yi sammako, ku ci rabin hanya kafin rana ta yi zafi, ku tsaya duk awa biyu. In ya ji ido ya yi nauyi, ya faka wuri mai aminci ya runtsa minti 20. Buɗe gilashi da ƙara sautin rediyo duk yaudarar kai ne.

Motar a kai wa bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don in ya taɓa wani abu a samu lokacin gwadawa. Birki, baƙin mai, ruwan lagireto, fitilu. A duba tayar ko-ta-kwana ko tana da iska, a tabbatar jak yana aiki. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen wani dogon rubutu, misali 2319, wato mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Taya tana tsufa ko zanenta bai cinye ba. Iska kuma a auna da safe tayar na da sanyi. Akwai takarda manne a bakin ƙofar direba da ke faɗin iskar da ake sa wa in an cika mota da kaya.

Anti Nas:

'Yar'uwa, komai za ki iya sassautawa, banda kujerar nan. A bar kular abinci, a bar rabin kayan sawa, kujera ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kujerar yara tana rage mutuwar jarirai a haɗarin mota da kashi 71 cikin 100. In aka yi karo, ko da gudun cikin gari ne, nauyin jaririya yana ninkuwa sau da yawa a ƙiftawar ido, babu hannun uwar da zai iya riƙe ta. In kuma kika sa bel ɗaya ya zagaye ku biyu, ke ce za ki danne ta. A kujerar baya za a ɗaure ta, tana kallon baya, saboda wuyan ɗan wata 10 bai yi ƙwarin ɗaukar kansa ba in aka fizge shi gaba. Kar a taɓa sa irin wannan kujera a gaba inda akwai jakar iska, wadda ke kumburowa da ƙarfi in an yi karo. Mai shekara 3 ita ma tata kujerar, mai shekara 6 kuma a sa masa ta ɗagawa don bel ya bi ta kafaɗa da ƙugu, ba ta wuya da ciki ba. Duk awa biyu ki fito da jaririyar ta miƙe. Shayarwa kuma sai an tsaya.

Abu na biyu da muke gani yana karya zuciya: barin yaro a mota "minti biyar kawai". Mota a rufe cikin rana tana ƙara zafin kusan digiri 10 a ma'aunin Selshiyas cikin minti 10, jikin yaro kuma yana ɗaukar zafi sau 3 zuwa 5 fiye da na babba. Sauke gilashi kaɗan ba ya hana komai.

Aman mai shekara uku: ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa a zaune ake, cikin kunne yana cewa ana motsi, saɓanin nan ne ke tayar da zuciya. Ya fi yawa tsakanin shekara 2 zuwa 12. Kar ki ba ta waya ko littafi mota na tafiya. Ta riƙa kallon nesa ta gaba, iska na shigowa, abinci kaɗan mara maiƙo kafin a tashi. Akwai maganinsa, amma ki tambayi likita wanda ya dace da shekarunta, kar ki raba mata na manya. Leda, tsumma da kayan canji su zauna kusa da ƙafarki, ba can ƙasan but ba.

A jakar magani kar a rasa farasitamol na yara, ma'aunin zafi, bandeji, da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa. In ya ƙare, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Asfirin ba na yara ba ne.

Hajiya Kaka:

Ni dai in faɗi gaskiya, ban ga abin da ya kai jaririya daji ba. Me za ta tuna? Ki bari a yaye ta, ko ku kwana a masauki duk daren. Wahala kawai za ku sayo da kuɗinku.

Maman 'Yan Biyu:

Hajiya, a gafarce ni, amma a nan na ɗan saɓa miki. Mun yi kwanan tanti da ɗan wata 8, kuma wallahi shi ne ya fi kowa sauƙi. Abincinsa na jikina, inda na ajiye shi nan zan same shi, in za a hau dutse in goya shi. Wadda za ki sa wa ido, Maman Auta, ita ce mai shekara ukun. Ta iya gudu, ta iya zuge zif, ba ta san tsoro ba. Kin ambaci tafki da ruwan dutse, to nan ne hankalina ya tsaya. Yaro yana nutsewa shiru, babu ihu babu fantsama, kuma ruwan da bai kai gwiwa ba ya isa. Mu abin da muke yi, a bakin ruwa ana faɗa da baki: "yanzu ke ce da ita", "yanzu kai ne". Don haɗarin yana zuwa ne lokacin da kowa yake zaton ɗayan yana kallo. Da dare kuma babba ya kwanta a bakin ƙofar tanti, a ja zif ɗin sama inda hannunta ba ya kaiwa.

Ki tafi da fo ɗinta. Ƙarfe 3 na dare ba lokacin neman bayan gida da tocila ba ne. Ki sa musu kaya masu launi mai haske, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihun manyan biyun, ki koya wa babban cewa in ya ɓata ya tsaya inda yake ya yi ta kira.

Kuma kar ki yi mamaki in kun sha hanya kun isa gandun dabbobi, yaran suka bar giwa suka tsuguna kallon tururuwa. Namu sun yi awa guda suna jifan ruwa da tsakuwa, har yau shi suke ba da labari.

Baban Zango:

Ƙanwata, tantin da ba a buɗe ba shi ya fi ba ni tsoro. Ku kafa shi a gida wannan makon, ku kwana ciki dare ɗaya da yaran. A nan za ku gane ko sanda ta ɓace, ko ya yi muku kaɗan. Adadin mutanen da ake rubutawa a jiki na masu kwanciya kafaɗa da kafaɗa ne, babu kaya. Ku biyar, na mutum shida ko fiye ya kamata.

Daren farko ku nemi wurin da aka tanada don zango, mai ruwa da bayan gida da masu gadi. Ku isa da sauran awa biyu rana ta faɗi. Kar a kafa a kwari ko busasshen rafi komai kyan yashinsa, don ana iya yin ruwa can nesa ambaliya ta same ku kuna barci. Kar a kafa ƙarƙashin busasshen reshe. A ja baya daga bakin ruwa kamar mita 60, sauro ma ya fi sauƙi a can.

Wanda nake so ki riƙe da hannu biyu: gawayi, risho, murhun gas, ko fitilar kananzir, babu wanda zai shiga tanti. Ko gawayin da ya yi kamar ya mutu yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take kashe shi, kuma yara take fara kayarwa. In sanyi ne, maganinsa shimfiɗa. Ƙasa ce take zuƙe ɗumin jiki, don haka abin da ke ƙarƙashinku ya fi abin rufa muhimmanci. Jaririya a sa mata kaya masu ɗumi, a kwantar da ita rigingine a shimfiɗa mai tauri, ba katifar iska ba, ba tulin barguna ba.

In aka fara tsawa, tanti ba mafaka ba ne, ku shiga mota ku rufe gilashi, sai an yi minti 30 da jin ta ƙarshe. Da safe a kakkaɓe takalma kafin a sa ƙafa. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A hana wurin motsi a nufi asibiti, shi ya sa tun a gida ake duba wanda ya fi kusa da kowane zango. Ruwan rafi sai an tafasa, ya yi minti 1 yana tafarfasa. Dafaffen abinci in ya wuce awa 2 ba a sanyi ba, ko awa 1 in ana tsananin zafi, kar a ba yara. Ku sauke taswira a waya tun akwai intanet, kuma wani a gida ya san inda za ku kwana kowane dare.

Wani Maigida:

Bari in kare ɗan'uwana, tunda an taru a kansa. Mutumin da ya zauna ya zana wuri biyar, so ne ya sa shi. Ni ma na taɓa yi: wuri huɗu a kwana huɗu. A rana ta uku ƙaramin ya yi kuka tun daga tashi har muka isa, na tsaya gaban abin da na yi wata biyu ina mafarkin gani, na ɗauki hoto ɗaya muka koma mota. Yaya, kar ki ce masa tsarinsa bai yi ba. Ki ce ya zaɓi biyun da ya fi so, ku yi dare biyu a kowanne, sauran a ajiye wa baɗi. Ki kuma nuna masa lissafin Baba Direba, mu maza lissafi yana kama mu fiye da roƙo.

Maman Auta:

Allah ya saka muku da alheri, na karanta masa duka, har na Hajiya, ya yi dariya. Kujera ta shiga, kula babba ce ta fita. Tafiyar dare ya janye da kansa da ya ji awa 27. Wurare sun koma uku, ni na so biyu, amma ya kafe a kan dutsen. Dare ɗaya kawai za a yi a tanti sai in ya yi daɗi a ƙara.

Jiya mun kafa shi a gida. Minti 50 muka yi muna juya sanduna, sai daga baya muka ga ashe rufin sama a juye muka ɗora shi. Kuma Yaya Baban Zango, gaskiyarka, na mutum huɗu ne, ƙafar maigida a waje ta kwana. Mai shekara ukun ta zuge zif sau biyu kafin tsakar dare. Anti Nas, saura tambaya ɗaya: man korar sauro, ana shafa wa 'yar wata 10?

Anti Nas:

Ana shafawa, 'yan ƙasa da wata 2 ne aka hana mai sinadarin DEET. Ki zaɓi wanda bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, ki shafa a tafin hannunki tukuna sannan ki goga mata kaɗan a inda kaya bai rufe ba. Banda hannayenta tunda baki take kai su, banda kusa da ido. In kun shiga tanti ki goge mata shi, ki rufe ragar ƙofar.