Taƙaitawa: shawarwarin da aka bayar kan sharhin shirye-shiryen Halloween na The Simpsons

Ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda ya kamata a yi wa Treehouse of Horror sharhi, wato shirye-shiryen ban tsoro da ban dariya da The Simpsons, shirin zane na talabijin na Amurka, ke fitarwa duk shekara don bikin Halloween.

Inda aka yi ittifaƙi:
1. A fara daga na farko, na 1990. Kowane shiri gajerun labarai uku ne galibi, don haka a auna kowane labari shi kaɗai kafin a yanke wa shirin duka hukunci.
2. Mai sharhi ya san fim ko littafin da ake kwaikwaya. Wanda bai kalli fim ɗin ban tsoro na The Shining ba, rabin dariyar shirin 1994 zai wuce shi, kuma shirin nan ne mafi yawan mutane suka ɗora a sama.
3. Abin da ya faru a waɗannan labaran ba ya shiga asalin labarin iyalin Simpson. Homer, uban gidan, zai mutu yau, mako mai zuwa a gan shi garau.

Inda aka rabu:
Wasu sun ce armashin ya ƙare tun ƙarshen shekarun 1990. Wasu suka ce har yanzu da armashi, suka kawo hujja da buɗewar shirin da daraktan fim Guillermo del Toro ya tsara a 2013, da kwaikwayon Death Note (wani shirin zane na Japan) na 2022 da aka zana da salon zanen Japan. Ni dai hujjar ɓangare na biyu ta fi kama ni.

An kuma yi saɓani kan labarin Homer na 1995 da aka zana da kwamfuta: abin mamaki ne a zamaninsa, amma wasu na ganin dariyarsa kaɗan ce.

Iyaye sun ja kunne cewa akwai jini da yanke-yanke, a kalla kafin a nuna wa yara.