Liyari mai ɗauke da 1780 a gwanjon intanet: in ƙara tayi ko in janye?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar tsofaffin kuɗi. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mini 'yan sulallan zamanin Turawa: kwabo mai huda, anini, sisi da sule. Na daɗe ina son in haɗa musu da liyari, wannan babbar azurfar mai hoton mace da iyayenmu mata suke ratayawa. Na ga ɗaya a wani shafin gwanjo na ƙasar waje, an buga 1780 a jikinsa, mai kayan ya ce na asali ne, ya haura shekara 240. Duk tayin da na yi sai wani ya ɗora kaɗan a kai. Jiya kuma mai kayan ya turo mini saƙo cewa in na yarda zai cire shi daga gwanjon ya sayar mini da rangwame, in tura masa kuɗin kai tsaye. Jibi ake rufewa. Yaya kuke gani?

Malam na Kurmi: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ɗan'uwa, tsaya tukuna kan maganar shekarar nan, don a nan aka fi kama mutane. Matar da ke jikin liyari Mariya Tereza ce, sarauniyar Ostiriya, kuma a 1780 ta rasu. Fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha da nan Afirka sun riga sun yarda da kuɗin nan, ba sa karɓar wanda aka sauya wa kama, saboda haka aka ci gaba da buga shi da 1780 ɗin ba a canja ba. An buga a Viyana, an buga a Landan da Faris da Rum da Bombay, ɗaruruwan miliyoyi. Har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da sababbi, da 1780 a jikinsu. Wanda aka buga bara da wanda kakarka ta rataya duk shekara ɗaya za ka karanta.

Akwai bugun farko-farko masu tsada, gaskiya ne, amma masana suna gane su ne ta ƙananan alamomi a jikin zanen. Mai kayan da ba shi da hujja sai shekarar, ko bai san abin da yake sayarwa ba, ko yana fatan kai ba ka sani ba. Na gama-gari nauyinsa giram 28 da ɗan ɗoriya, azurfar cikinsa kashi 83 cikin 100, wato kusan giram 23.4 na tsantsar azurfa. Duba farashin azurfa na yau ka lissafa, ka ƙara ɗan abu kaɗan na riba. Iyakar kuɗinsa ke nan.

Maman Sadik: Ni saƙon nan da ya turo maka shi ya fi tayar mini da hankali. Kada ka kuskura ka biya a wajen shafin. Manyan shafuka irin su eBay suna da tsarin mayar wa mai saye kuɗinsa idan kaya bai iso ba ko ya saɓa da abin da aka bayyana, kana da kwana 30 ka kai ƙara, amma sai in a cikin shafin aka yi cinikin aka biya. Da zarar ka tura masa ta banki, babu wanda zai tsaya maka. In ya ce ka biya ta PayPal a matsayin kyauta ga ɗan'uwa ko aboki, shi ma haka ne, wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Ka ɗauki hoton saƙon ka kai rahotonsa.

Abu Hanif: Wanda yake ɗora maka kaɗan-kaɗan ɗin nan, buɗe tarihin tayin ka duba shi. In sabon asusu ne, ko kusan duk tayinsa a kan kayan mutum ɗaya yake yi, to da alama yaron mai kaya ne aka sa ya tura ka sama. Ba lallai ba ne, wani lokacin mai so ne kamarka. Ko ma wane ne, ka yanke iyakarka tun kafin ranar rufewa, ka haɗa da kuɗin aike da na kwastan da canjin dala. Gidajen gwanjo na gaske kuma suna ɗora la'ada a kan farashin da aka buga, sau da yawa kusan kashi 20 cikin 100.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. To Malam, in na samu wani mai gaskiya, ta yaya zan gane ba jabu ba ne tun daga hoto?

Malam na Kurmi: Ka ce ya ɗora shi a kan ƙaramin sikeli, irin na masu sayar da gwal, ya ɗauki hoto lambar tana fitowa. Ka nemi hoton gefensa ma. Liyari na gaske yana da rubutu mai tudu zagaye da bakinsa, IUSTITIA ET CLEMENTIA, kuma masu zuba jabu a nan suka fi kasawa: harufan kan fito a dagule, ko ka ga siririn layi inda ɓari biyu suka haɗu. Fuskar na zubi tana da ƙananan ramuka kamar an yayyafa yashi. In ya iso hannunka, gwada maganaɗisu. Idan ya kama, ba azurfa ba ce. Idan bai kama ba kada ka saki jiki, tagullar da aka shafa wa ruwan azurfa ma ba ta kamawa, nauyi ne zai raba gardama. Ka buɗe kunshin kana ɗaukar bidiyo.

Ɗan Agadas: Ni ban ga dalilin zuwa gwanjon waje don liyari ba. Maƙeran farfaru a wajenmu sun daɗe suna narka shi su yi kayan ado, har yanzu ana samunsa a hannun tsofaffi da 'yan koli. A gida za ka riƙe shi a hannu, ka auna, ka ji ƙararsa kafin ka biya.

Maman Sadik: Haka ne, amma na gida yawanci an huda shi ko an lika masa kunne don rataya, masu tara kuɗi kuwa suna rage wa irin wannan daraja sosai. Jabun ma yana yawo a kasuwanninmu. In don tunawa da iyaye yake so, mai kunnen ya fi ma'ana. In don ajiya ne, ya nemi lafiyayye.

Abu Hanif: Ƙarin bayani ga mai son sayen tsada nan gaba: kamfanonin NGC da PCGS suna tantance kuɗi su rufe shi cikin roba da lamba. Ka shigar da lambar a shafinsu, in akwai hoto ka gwada shi da na mai kaya, don robar ma ana yin jabunta. A kan liyari na gama-gari dai ba sai an kai ga haka ba.

Malam na Kurmi: Sai kuma na gadon nan naka. Don Allah kada ka wanke su da toka ko lemun tsami don su yi ƙyalli, gogewa tana kashe musu daraja. Duba sulen da kyau: in na Sarki Joji na Biyar ne daga 1913 zuwa 1919, azurfa ce mai kyau. Kwabo ko anini na 1936 mai sunan Edward na Takwas kuwa, akwai masu zuzuta shi a gwanjo don sarkin bai cika shekara a kan mulki ba, amma an buga su da yawa, ba su da tsada.

Baban Ilham: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Ba zan ƙara tayi ba, na kuma kai rahoton saƙon. Malam, sulen 1916 ne, akwai ƙaramin harafin H a jikinsa. Zan turo hotonsa bayan la'asar in sha Allah.

Malam na Kurmi: H ɗin alamar gidan buga kuɗi na Heaton ce, a Birmingham ta Ingila. Ka ɗauko gaba da baya a hasken rana, ka riƙe shi ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskar.