Kakan surukata ya ɓace a Sikotland bayan 1921, wa ya taɓa irin wannan nema?

Maman 'yan biyu, Aberdeen
Salam 'yan uwa, dan Allah ina neman shawara. Maigidana ɗan Sikotland ne, mamarsa ta haura 80 yanzu, kuma kullum in na je gaishe ta maganarta ɗaya ce, kakanta. Mutumin yana aikin ƙera jirgin ruwa a Govan, wata unguwa a Gilasgo, mun gan shi a ƙidayar 1921 a ScotlandsPeople (shafin gwamnati na tsofaffin takardun Sikotland) shi da matarsa da yara uku a ɗaki ɗaya, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Na bi rajistar mutuwa shekara bayan shekara ba sunansa, kiredit ɗin da na saya a shafin duk ya ƙare wajen buɗe takardun masu suna irin nasa. Ita dai abin da ta taso tana ji wai Kanada ya tafi zai aiko musu kuɗin jirgi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta ina zan kama?

Baban Gilasgo
Hajiya ki daina ƙona kuɗi a rajistar mutuwa tukun. Ni na taya wani maƙwabcina dattijo irin wannan, wata biyu muna fama ashe muna rubuta Mac su kuma a jirgi an rubuta Mc, kuma ya rage wa kansa shekara huɗu lol. Akwai jerin fasinjojin da suka bar Birtaniya daga 1890 zuwa 1960, yana shafin binciken asali na Findmypast, ki fi mai da hankali kan 1923 don lokacin aikin ƙera jirgi ya mutu a kogin Clyde na Gilasgo mutane suka yi ta ficewa. Amma kafin nan ki sauko ɗakin karatu na Mitchell Library a Gilasgo ki nemi takardun tallafin talakawa na Govan. In matar ta taɓa zuwa neman taimako, to jami'in da ya je gidan sai ya rubuta komai, ina miji yake, yaushe ya tafi, yana aiko da kuɗi ko baya aikowa, wlh wani lokacin har gulmar maƙwabta za ki gani a ciki.

Yar Kanada
Aunty in dai tsakanin 1919 da 1924 ya shigo nan kin yi sa'a, lokacin kowane fasinja fom ɗinsa daban yake cikewa, Form 30A, ana tambayar wa ka bari a gida da kuma wajen wa za ka. Wata abokiyar aikina ta nan ta gano kakanta, ya sa sunan uwarsa a matsayin dangi maimakon matarsa, ya kuma ce shi ba shi da aure, kin ga tun daga bakin ruwa ya riga ya yanke shawara. Sannan ki duba ƙidayar Kanada ta 1931, an sake ta a 2023 kyauta ce. In ba ya ciki ki leƙa ta Amurka ta 1930, da yawansu Detroit suka tsallaka aikin kamfanin mota.

Ɗan Bukuru
Ni tawa a juye take. Kakata ta wajen uwa fara ce sol, gashi har baya, duk unguwa an san babanta Bature ne da ya yi aikin haƙar kuza, amma ba wanda ya riƙe sunansa na gaskiya sai laƙabin da leburori suka sa masa, ita kuma in ka tambaye ta sai ta ja carbinta ta ce ka ba ta waje. Bayan rasuwarta na yi gwajin DNA don son sani kawai, sai ga wata mata daga yankin Fife na Sikotland ta turo min saƙo wai shekara goma suna neman ƙanen kakanta, su a gidansu Afirka ta Kudu ake cewa ya tafi. Ashe Legas ya nufa daga Liverpool a jirgin ruwan kamfanin Elder Dempster, mun ga sunansa a jerin fasinjoji. Ta turo min hotonsa na kai wa mamata, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba sai can ta ce "kunnen Inna ne." Don haka Hajiya kar ki riƙe maganar Kanada da ƙarfi, kuma ki shirya ma tsohuwa zuciya, mai yiwuwa akwai wani gidan a can.

Kawu
Ni fa a ganina wanda ya gudu ya bar mata da yara uku me za a nema a wajensa? Kar ku tono wa baiwar Allah abin da zai hana ta barci.

Maman 'yan biyu, Aberdeen
Kawu na faɗa mata haka, ta ce ita kabarin kawai take so ta san inda yake. Baban Gilasgo Allah ya saka da alheri, maigida ya je Mitchell ranar Laraba kuma an samu! Matar ta nemi tallafi, an rubuta miji ya tafi Montreal, ya aiko kuɗi sau biyu daga nan ya daina. Yar Kanada zan miki magana ta inbos, ban gane yadda ake binciken fom ɗin nan ba.