Motar Pinewood Derby: wa ya taɓa ƙerawa a zauren nan?

Maman Khalid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min. Jiya Khalid ya dawo daga taronsu na Cub Scouts, ƙungiyar sikawut ta ƙananan yara a nan Amurka, da wani ɗan kwali, ciki guntun katako ne da tayoyin roba huɗu da ƙusoshi huɗu. Wai da su za a ƙera mota, za su yi tsere ƙarshen watan gobe. Babansa yana kan hanya da tirela, sai bayan mako biyu zai dawo, ni kuwa ko zarto ban taɓa riƙewa ba. Tun da asuba yaron nan yake tambayata yaushe za mu fara. Wa ya san kan abin?

Baban Ikram: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, mun yi sau uku a nan Columbus. Kafin komai, duba takardar dokokin da aka haɗo masa da ita, domin kowace ƙungiya tana da 'yan ƙare-ƙarenta. Amma abin da kusan kowa ya haɗu a kai shi ne kada nauyin motar ya wuce oza 5, wato giram 141 da ɗoriya. Tsawo inci 7, faɗi inci 2¾. Ba inji, ba batir. A saman gangara ake jera su, a saki, nauyinsu ne kawai ke kai su ƙasa.

Maman Khalid: To ai na ɗauka mara nauyi ita za ta fi gudu.

Baban Ikram: A'a, akasin haka ne. Ki cika ta ta kai oza 5 ɗin cif. Katakon ba shi da wani nauyi, musamman in an fafe shi, don haka dole a ƙara masa ƙarfe.

Injiniya: Maman Khalid, bari in sa baki, domin a nan ne yawancin mutane ke yin kuskure. Cika nauyin daban, inda aka ajiye shi daban. A baya ake sa shi. Ki kwatanta motar tana tsaye a kan gangara, hancinta na kallon ƙasa: gindinta ya fi hancinta tudu. Duk ƙarfen da ke gindi daga wuri mafi tsayi zai faɗo, ya fi daɗewa yana ingiza ta. Shi ya sa za ki ga motoci sun sauko kai ɗaya, amma da an hau shimfiɗaɗɗen wurin sai ɗaya ta zare ta bar saura. Gwajin ba wuya. Bayan an haɗa komai, ki tsayar da rula a kan gefenta, ki ɗora motar a gicciye, ki riƙa matsar da ita har ta tsaya ba ta rinjaya gaba ko baya ba. Wurin da ta tsaya ɗin ya kasance kamar inci 1 a gaban ƙusoshin da ke riƙe da tayoyin baya. Masu titin alminiyam mai santsi suna matsawa har inci ¾, amma tunda karon farko ne ku tsaya a inci 1. In kin kai nauyin baya fiye da kima, gaban zai yi sakayau, motar ta yi ta rawa tana dukan sandar tsakiyar titi da ke bi tsakanin tayoyinta, wani lokaci ma ta yi tsalle ta bar layinta.

Maman Khalid: Na gane, Allah ya saka. Wane irin ƙarfe zan saya?

Injiniya: In da hali, tangistin. Ya fi darma nauyi da kusan ninki 1.7, ɗan ƙarami sai ya yi aikin babba, kuma ya zauna daidai inda kike so. Ana sayar da shi ƙanana masu kusurwa huɗu da kuma dogaye masu shiga rami, a shagunan kayan sana'ar hannu ko a intanet. Tsadarsa ce kawai matsalar.

Maman Biyu: Ni dai roƙona ɗaya, kada a kawo darma kusa da yaro. Na san wasu na sa darmar ƙugiyar kamun kifi don arha, har da masu narka ta a kicin. Aikin jinya nake yi, na ga yaran da aka auna jininsu aka samu darma, ba abin wasa ba ne, ƙwaƙwalwa take taɓawa. Yaro ɗan shekara bakwai zai taɓa, ya sa hannu a baki. Mu da sulalla muka yi na tagwaye. Kwata, wato sulen senti 25, guda biyar oza ɗaya ne daidai, domin kowace giram 5.67 ce. Nikel, sulen senti 5, giram 5 ne, feni, na senti 1, giram 2.5. Muka fafe rami a bayan motar, muka jera su, muka bi da gam. Hassana ta zo ta biyu a rukuninsu.

Baban Ikram: Maa shaa Allah. Ashe har da mata ake yi a wajenku?

Maman Biyu: Ai tun 2018 aka fara karɓar 'yan mata a Cub Scouts. Taku Ikram ma za ta iya shiga.

Baban Ikram: Sai na duba mata, yayyenta ne suka yi. Hajiya Maman Khalid, ga abin da ya same mu shekarar farko, kada ya same ki. Na auna motar a sikelin kicin, ya nuna 5 daidai. Ranar rajista sikelin alƙalai ya nuna mun haura da ɗan kaɗan, kuma nasu shi ne hukunci, ba a jayayya. A gaban yaron aka huda cikin motar da ya kwana biyu yana yi wa fenti, yana kallo yana hawaye. Har yau abin yana damuna. Tun daga nan nake tsayawa a 4.9, in tafi da 'yan ƙananan ƙarafa da salatif a aljihu, in cike gurbin a can. Ki kuma tuna fenti da gam su ma suna da nauyi, sai an gama komai ake awon ƙarshe, da tayoyi da ƙusoshi duka a kai. In ba ki yarda da sikelin gida ba, ki je gidan waya ki roƙa su ɗora miki a nasu.

Kawu Kafinta: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na ga saƙonni. 'Yata, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma ba wanda ya taɓo ƙusa, kuma ni a wurina rabin tseren yana nan. Ɗauki ɗaya ki shafa ƙarƙashin kanta da farce. Za ki ji wani ɗan kaifi, da 'yan zane-zane a jikinta, ragowar injin da ya buga ta ne. A kan wannan tayar za ta yi ta juyawa, yana cin ta yana rage mata gudu. Ana ɗaure ƙusar a bakin injin huda, a kunna, a taɓa wurin da ƙaramin magagari har kaifin ya tafi. Sannan a yanka samfefa siri-siri, a jiƙa da ruwa, a bi: lamba 400, sai 600, sai 1000, har 2000 in an samu. Za ta yi ƙyalli kamar madubi. Kada a ci ta da yawa ta rame, tayar za ta riƙa girgiza.

Maman Khalid: Kawu sannunku da aiki. To mai fa? In ɗiga na keken ɗinki?

Kawu Kafinta: Kul. Yawancin ƙungiyoyi sun hana mai mai ruwa, yana ɓata musu titi. Garin girafait ake sawa, irin abin da ke cikin fensir, ana sayar da shi a ɗan bututu. A busa a ramin tayar, a juya, a ƙara, a juya, sau da yawa. Wannan aikin Khalid ne, ba wanda zai yi masa. In ya murza tayar da yatsa ta daɗe tana juyawa shiru ba ƙara, ta yi. Sai fenti ya bushe sarai kafin a kawo garin kusa, in ba haka ba zai yi baƙi-baƙi a jiki. Wajen kafa ƙusa kuma a bar 'yar tazara tsakanin taya da katako, kaurin katin banki ya isa.

Injiniya: In ana son a ƙure, akwai dabara biyu. A ɗaga tayar gaba ɗaya kaɗan ta daina taɓa ƙasa, motar ta tafi a kan uku, gogayya ta ragu. Sannan a ɗan karkata ɗayar ta gaban, motar ta jingina da sandar tsakiya ta bi ta sannu, maimakon ta yi ta karo hagu da dama. Amma a karanta doka, wasu sun ce dole tayoyi huɗu su taɓa ƙasa.

Maman Biyu: Injiniya ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba. Na halarci tseren da kana ganin mota ka san yaron ko taɓa ta bai yi ba, uban ne ke zufa a bakin titi, ɗan yana can yana wasa da abokansa. Wanda ya fara abin nan, Don Murphy, a Manhattan Beach ta Kalifoniya a 1953, ya yi ne saboda ɗansa bai kai shekarun shiga tseren Soap Box Derby ba, inda yaro ke shiga motar da kansa. Yana neman abin da za su yi tare. In aka kai ga lanƙwasa ƙusa da awon digiri, ina yaro ɗan aji biyu a ciki?

Injiniya: Gaskiyarki Hajiya, ban musa ba. Ni ma nawa shi ya zana siffar, shi ya goge, shi ya yi fenti. Abin da nake gudu shi ne yaro ya yi wahala motarsa ta tsaya a tsakiyar titi ba ta kai ƙarshe ba, wannan yana karya zuciya. Maman Khalid, ki bar zancen tayoyi uku bana. Ki tura ta a kan tebur mai santsi kawai, in ta tafi kusan miƙe, shi ke nan.

Kawu Kafinta: Mu da muka taso muna ƙera motar kara da ta langa-langa a Zinder ba wanda ya riƙe mana hannu, kuma daɗin yana wurin cewa ni na yi. A bar shi ya zana abin da ransa ke so a takarda. In ya rasa, a yanka ta kamar weji, siririya a gaba mai kauri a baya, yanka ɗaya ne kuma akwai wurin ɓoye nauyi. Hancin dai kada ya yi tsini, domin a jikin wani ɗan sanda ake jingina shi kafin a saki.

Baban Ikram: Wani abu kuma, kada a liƙa ƙarfe a ƙarƙashi yana leƙowa. Ana son tazarar inci ⅜ tsakanin cikin motar da ƙasa, saboda sandar da take hawa. A fafe, a nutsar da shi ciki. Kuma in an gama a ɓoye ta a kwalin takalmi. In ya yi ta tura ta a kan kafet, gashi da ƙura za su cika tayoyin.

Maman Khalid: Wallahi kun cire min nauyi a zuciya. Na duba takardar yanzu, an ce tayoyi huɗu duka su taɓa ƙasa, girafait kawai, kuma a yi amfani da tsagar ƙusa da ke jikin katakon. Sulalla zan yi amfani da su. Matsalata yanzu yankan, a bene muke, ba ni da kayan aiki.

Kawu Kafinta: Ai ni da ke duk a Bronx muke. Ki kawo shi shago ranar Asabar bayan azahar, da zanensa da kwalin gaba ɗaya. Ni zan riƙe zarto da injin huda, shi zai yi guga. Ya sa tsofaffin kaya, akwai ƙura. Duk mai yaro a zauren nan da aka ba shi katakon ya zo da shi, a yi gaba ɗaya.

Maman Biyu: Zan aiko miki da ragowar girafait ɗinmu, bututun ko rabi bai yi ba. Turo min adireshi ta gefe.

Maman Khalid: Na tura, Allah ya bar zumunci. Kawu sai mun zo in shaa Allah. Khalid ya ce a tambaye ku ko kuna da koren fenti.

Kawu Kafinta: Akwai, har kala biyu. Ya zo ya zaɓa.