Farsefoni ta Girkawa: me ya haɗa tsiro da sarautar matattu?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina nazarin addinin Girkawan dauri, sai na ci karo da Farsefoni, wadda suka ɗauka allahiyar tsirowar shuka ce kuma sarauniyar duniyar matattu. Abin ya ɗaure mini kai, domin ban ga yadda za a ɗora wa mace guda aikin fito da furanni da kuma mulkin waɗanda suka mutu ba. Malamai, ina neman ƙarin haske.

Malam Ɗanbirni:
Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tana cikin tatsuniyar kanta, kamar yadda wata tsohuwar waƙar yabon Demeta, wadda ake jingina wa Homa, tsohon mawaƙin Girka, ta kawo ta. Farsefoni 'yar Zeyus, sarkin allolinsu, ce da Demeta, allahiyar hatsi, kuma tun tana gida ana kiranta Kore, wato budurwa. Tana tsinkar furanni ƙasa ta tsage, Hades sarkin matattu, wanda ɗan'uwan mahaifinta ne, ya fito a keken dawaki ya yi awon gaba da ita, alhali Zeyus ya riga ya ba shi ita ba tare da sanin uwar ba. Demeta ta yi kwana 9 tana yawo da jiniyar wuta a hannu, ba ci ba wanka, har rana, wadda suke kira Heliyos, ta faɗa mata gaskiya. Daga nan ta hana iri tsirowa, yunwa ta kusa ƙare mutane, alloli kuma suka daina samun hadaya, kuma wannan asarar ce, ba tausayi ba, ta sa Zeyus ya aiki Hamis, manzon alloli, ya dawo da yarinyar. Sai dai Hades ya riga ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, wanda ya ci abincin can kuwa ba ya rabuwa da can. Aka yi sulhu: kashi ɗaya cikin uku na shekara a ƙarƙashin ƙasa, sauran a wurin uwarta. Obid, mawaƙin Rum, ya mai da shi wata shida-shida. A ganina Farsefoni ita ce irin da manomi ke binnewa kamar gawa, ya kuma fito kore.

Manomin Fadama:
Malam ya yi bayani, amma ina da ja a kan lokacin. Yawanci ana cewa a hunturu take ɓacewa, alhali a ƙasar Girka hunturu ne lokacin ruwa. Ana shuka alkama da sha'ir wajen Oktoba da Nuwamba, gonaki su yi kore shar cikin sanyi, a girbe wajen Mayu da Yuni, sannan ƙasa ta bushe ƙamas. Wani masani ɗan Suwidin, Martin Nilsson, ya dogara da haka ya ce watanni 4 na rashinta su ne na zafi, lokacin da ake adana iri a ramuka da manyan tuluna a ƙarƙashin ƙasa kafin a fito da shi a shuka. Duk wanda ya taɓa ajiye iri zai ji wannan fassara ta kwanta masa. Ko bikin Tesmoforiya, wanda matan aure kaɗai ke yi wa uwa da 'yar, a lokacin shuka yake faɗowa.

Malam Ɗanbirni:
Hujjarka tana da ƙarfi, ɗan'uwa, sai dai waƙar ta faɗa ƙarara cewa tana dawowa ne sa'ad da ƙasa ta cika da furanni masu ƙamshi bayan sanyi, shi ya sa masana da dama ba su bi Nilsson ba.

Hajiya Mai Nazari:
Ƙanwata, kada ki manta da Elusis, garin da ke kimanin kilomita 20 yamma da Atina. A can ake shigar da mutane asirin Demeta da Farsefoni, maza da mata, har bayi, muddin mutum yana jin Girkanci kuma bai zubar da jini ba. Suna yin azumi, su sha wani haɗin sha'ir da ruwa da ganye mai ƙamshin na'a-na'a, su shiga babban zaure da dare, da fatan samun rabo mai kyau bayan mutuwa. Tona abin da aka gani a zauren laifin kisa ne. A shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa an tuhumi Alsibiyades, jarumin Atina, da kwaikwayon asirin a gidan shagali, aka yanke masa hukuncin kisa ba ya nan.