A taimaka min, ranar Alhamis zan koyar da tace ɗanyen mai

Sabuwar Malama: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ilimin halittu na karanta, amma tun da malamin kemistiri ya samu canjin aiki aka ɗora min ajinsa, ba a ko shawarce ni ba, ga goyo, ga gidanmu nesa da makaranta, adaidaita biyu nake hawa. Ranar Alhamis masu duba makarantu za su zo, darasin kuma shi ne yadda ake raba ɗanyen mai. Ɗakin gwajinmu babu komai sai kwalabe uku da bututu ɗaya. Na sayi fetur da kalanzir, ina so in haɗa in ɗora a risho yara su ga rabuwarsu. Yaya zan yi?

Tsohon Injiniya: Malama, don Allah kar ki kuskura. Tururin fetur da wutar risho ba sa haɗuwa, ajin za ki ƙona. Abin ma ba haka yake ba. A matata ana dafa ɗanyen mai har wajen digiri 350, tururin ya shiga doguwar hasumiya mai hawa-hawa, ƙasanta zafi, sama na ƙara sanyi. Kowane ɓangare yana komawa ruwa a hawan da ya yi daidai da zafin tafasarsa. Gas ɗin girki ke fita can ƙoli, sai fetur, sai kalanzir da man jirgi, sai dizal. Mai nauyin ya zauna a gindi, daga shi ake samun kwalta. Zana wannan a allo kawai.

Maman Biyu: Kalanzir ɗin ma da kike maganar ɗorawa, nawa kika sayi kwalba? Mu tuni muka koma gawayi. Maƙwabciyata fitila ta fashe mata, ashe an gauraya shi da fetur.

Malamin Sakandare: Zane ba ya shiga kan yaro, Injiniya. Malama ki haɗa sifirit da ruwa. Shi yana tafasa a digiri 78, ruwa sai 100. Ki cusa fasassun gilashi a bututun, tururi ya riƙa taruwa a kansu yana komawa, sifirit ne zai fara ɗiga.

Tsohon Injiniya: Sifirit ba ya kama wuta ne? Kuma da wane ma'aunin zafi? Ta ce kwalabe uku gare ta. Ko an yi ma ba ya fita tas, yana kaiwa kashi 95 ya tsaya da ɗan ruwansa. Ki faɗa musu matatar Kaduna da ta Dangote da ta Damagaram dukkansu da irin wannan hasumiyar aka gina su, ya ishe su.

Sabuwar Malama: Na gode Baba, amma ai ɗan kaɗan zan zuba, cokali biyu, kuma a waje zan yi. Kuɗina na sa na saya. Shugabar makaranta ta ce baƙin sun fi son su ga gwaji.

Maman Biyu: To ita ta zo ta kunna rishon mana.

Malamin Sakandare: Wace unguwa kike? Ina da ma'aunin zafi, sai dai ya tsage.

Sabuwar Malama: To in na sa murfi fa?