Tsakanin AK, FN da G3: wacce ta fi, kuma me ya sa AK ta cika hannun sojanmu?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Gardama ce ta ƙi ƙarewa a majalisarmu, shi ya sa na kawo ta gaban masana. Dattawan da suka san barikin Chindit na Zariya tun da daɗewa suna cewa FN da G3 su ne bindigogi, AK kuwa ta yara ce. Matasa kuma sun dage AK-47 ba ta da na biyu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne dukkansu ana cewa harsashinsu 7.62 ne. To ina bambancin yake? In har FN ta fi nisa, me ya sa kuratan da ake yayewa a Depot, makarantar horar da sababbin sojoji, yawanci AK ake gani a hannunsu?

Baba Saje:

Wa alaikumus salam. Yaro, fara da harsashi kafin bindiga, don can ne gardamar taku ta kwana. 7.62 ɗin nan faɗin harsashi ne da milimita. Lamba ta biyu ita ce tsawon kwanso. AK tana cin 7.62x39, FN FAL da G3 suna cin 7.62x51, wanda ƙawancen NATO ya amince da shi a 1954. Kwanso mai tsawo ya fi ɗaukar albarushi. Saboda haka ƙwayar harsashin AK mai nauyin kusan giram 8 tana fita da gudun mita 715 a daƙiƙa, ta FN mai giram 9 da rabi tana fita da kusan mita 840, ta G3 kusan 800 don bututunta ya ɗan fi gajarta. Ƙarfin bugun na NATO ya fi na AK da fiye da rabi. Kuma ɗaya ba ya shiga bindigar ɗaya.

A nan dattawa suna da gaskiya. Harsashin AK da ya wuce mita 300 sai ya fara sunkuyawa ƙasa da sauri, iska ma tana karkatar da shi. FN kuwa ma'aunin saitinta daga mita 200 ne zuwa 600, kuma mai hannu yana cin moriyarsa. Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya. A AK milimita 378 ce, a FN ta haura 550. In tazarar ta gajarce, ɗan kuskuren ido kaɗan yakan zama babba a can inda ake nufi.

Amma ƙarfi da kuɗinsa yake zuwa. Harsashin NATO cikakke yana kai giram 25, na AK kusan 16. Magazin ɗin FN da G3 guda 20 yake ɗauka, na AK 30. FN ta kai santimita 109, AK ba ta cika 90 ba, kuma wanda zai sauko daga bayan mota ko ya shiga lungu ya san darajar wannan tazarar. Ga dukan kafaɗa: in aka sa FN ko G3 a ɓarin wuta, bayan harsashi na biyu baki ya riga ya kalli sama. Shi ya sa Turawan Ingila da suka ƙera tasu FN ɗin, L1A1, suka bar ta a harbi ɗai-ɗai kawai.

Mai Gyara:

Baba Saje ya gama da harsashi, ranka ya daɗe bari in buɗe cikinsu, don ƙurar hunturu ba ta duba sunan kamfani.

AK, wadda Mikhail Kalashnikov ya tsara kuma sojan Tarayyar Sobiyet suka karɓa a 1949, da hayaƙin harbi take aiki. Akwai ƙaramin rami a bututu da ke ɗiban hayaƙi ya tura fistin, fistin ɗin kuma haɗe yake da ƙarfen da ke ja da baya ya fitar da kwanso ya ɗauko sabon harsashi. Ƙarfen yana da nauyi, hayaƙin da ake ba shi ya fi abin da yake bukata, sassan kuma an bar musu sarari, ba su matse juna ba. Ƙari a kan haka kwansonta tsukakke ne ta gaba, don haka yana zarewa cikin sauƙi ko da datti (wannan tsukewar ce ta sa magazin ɗinta ya lanƙwashe). Sirrin ke nan, ba wani tsafi.

Cewa ba ta cijewa kuwa labarin majalisa ne. Tana cijewa, kuma yawanci daga magazin ne: leɓensa ya lotse, ko sifirin ɗinsa ya saki, sai harsashi ya taso a karkace. Na biyu, tsofaffin harsasai na ƙasashen gabas da yawa suna barin gishiri a bututu da hanyar hayaƙi. A damina kwana ɗaya ya isa tsatsa ta kama fistin. Mai kaɗai ba ya narkar da gishirin, sai an wanke da ruwa an busar sannan a shafa mai. Na uku, in aka sauke makullin gefe aka bar shi, ƙofa ce a buɗe ga yashi.

FN ta Beljiyam, da ta fito a 1953, tana da abin da AK ba ta da shi: zoben daidaita hayaƙi a gaba. In bindiga ta yi datti ana ƙara wa fistin hayaƙi, in tana da tsabta a rage don duka ya yi sauƙi. A hannun wanda ya iya, alheri ne. A hannun wanda bai iya ba, ko dai hayaƙi ya yi kaɗan kwanso ya maƙale a ƙofa, ko ya yi yawa sassa su riƙa cin duka har su gaji da wuri. Sassanta kuma a matse suke, yashi na damunta. Sojan Isra'ila sun koka da haka a hamada, Ingila kuma sai da ta yanka wasu 'yan kwaruruka a jikin ƙarfen da ke kai da kawowa don yashi ya sami wurin faɗawa.

G3 ta Heckler & Koch, da Jamus ta Yamma ta ɗauka a 1959, ba ta da fistin sam. Wasu ƙananan ƙarafa biyu masu mirginawa ne ke jinkirta buɗewa har matsin ya sauka. Ɗakin harsashinta yana da zane-zane a tsaye da hayaƙi ke bi ya ɗaga kwanso daga bango. Shi ya sa kwanson G3 yake fita da baƙaƙen layuka, ya kuma yi tsalle mai nisa. In zanen nan ya toshe da baƙin hayaƙi, kwanso zai manne, wani lokacin har gindinsa ya tsinke. Ƙarafan biyu ma suna cinyewa, mai kula da rumbun makamai ne ke auna tazarar da ke nuna cinyewarsu, wadda ake so ta tsaya tsakanin milimita 0.1 da 0.5.

Kuskuren da ya haɗa dukkansu a arewa shi ne yawan mai. A hunturu mai da ƙura suna haɗuwa su zama kamar ƙullun siminti. Ɗan shafi kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe ya wadatar.

Malamin Samaru:

Ina so in ƙara ɓangaren da ba ya cikin ƙarfen. Rundunar soja ba bindiga ɗaya take saya ba, dubbai take saya, da harsashi da kayan gyara da lokacin horo. AK arha ce, ƙasashe da yawa suna ƙera ta, kurtu kuma yana koyon kwance ta da ɗaura ta cikin ɗan lokaci ba tare da wani kayan aiki ba. Galibin abin da muke kira AK-47 ma ba ita ba ce. Ko dai AKM ce ta 1959, wadda aka yi jikinta da matsattsen faranti ta sauko kusan kilo 3 daga fiye da 4, ko Type 56 ta Sin, ko Beryl M762 da Nijeriya ta sayo daga Folan. Kamfanin DICON na Kaduna, da aka kafa a 1964, ya ƙera G3 da FN bisa lasisi, daga baya ya fitar da tasa AK ɗin, OBJ-006.

Sai dai ban yarda a ce zamanin babban harsashi ya wuce ba. Amurka ta koma ƙaramin harsashi 5.56 da M16 tun yaƙin Biyetnam, Sobiyet ta bi sahu da AK-74 mai 5.45 a 1974, duk don soja ya ɗauki ƙarin harsashi a nauyi ɗaya. Amma da aka je tsaunukan Afganistan inda ake harbi daga nesa, Amurkawa sun fito da tsohuwar M14 mai babban harsashi daga rumbu, Ingila kuma ta sayi L129A1 mai 7.62x51 a 2010. Filin arewacin Borno da Yobe a buɗe yake, dajin Birnin Gwari kuma a rufe. Abin da ya dace da ɗaya ba lallai ya dace da ɗaya ba. Shi ya sa ake cakuɗa makamai a cikin ayari guda: yawanci masu AK, sai mai babbar mashinga da mai bindigar nesa.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya ƙara sani. Malam, M16 ɗin fa? Ana cewa ita ce ta fi saurin cijewa.

Mai Gyara:

Sunan da ta samu a Biyetnam ne ya bi ta. An canza irin albarushin da aka tsara ta da shi, ɗakin harsashin ba a lulluɓe shi da abin hana tsatsa ba, aka kuma raba ta ba isassun kayan goge-goge. An gyara waɗannan a M16A1. Abin da ya rage shi ne tana hura hayaƙi kai tsaye cikin cikinta, don haka tana baƙi da wuri, kuma ita ba ta son bushewa: ta fi AK bukatar mai da magazin mai kyau. A saiti kuwa ta fi AK nesa ba kusa ba.

Ƙanena, tunda a majalisa za ka kai maganar, ka haɗa musu da cewa duk waɗannan suna cikin makaman da Dokar Bindigogi ta 1959 ta haramta wa farar hula, kuma mallakar harsashinsu kaɗai ma laifi ne.